Layin Baba

Baba yana zaune a kan kujerar likitan kunne, bakinsa a buɗe da guntun roba tsakanin haƙora, kunnuwansa biyu cike da wani abu shuɗi mai danƙo da aka matsa masa da sirinji. An ce kada ya motsa, kada ya yi magana, har sai abin ya daskare ya ɗauki siffar ramin kunnen. Yawu ya gangaro masa ta gefen baki. Auta ta ciro hankici ta share masa, shi kuwa ya harare ta kamar ita ta ƙirƙiro wannan wulaƙancin.

Da aka zare abin, ya karɓa ya jujjuya shi a tafin hannu.

"Shekara da shekaru ina kiɗa da kunnen da Allah Ya ba ni," ya ce. "Yau a tsufana za a yi mini 'yan kunne."

"Na'ura ce, Baba," in ji Yaya, wanda ke tsaye a bakin ƙofa yana latsa waya. "Duk manyan ƙungiyoyi haka suke yi yanzu. An gama zamanin hayaniya a kan dandamali. Kowa zai ji abin da yake so a cikin kunnensa."

"Kowa zai ji abin da yake so," Baba ya maimaita a hankali. "To, Allah Ya sa alheri."

Baba ne ya kafa ƙungiyar tun ba a haifi ko ɗaya cikin 'ya'yan nan nasa ba, shi da jitarsa ta bas, mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ba ta iya kuka ba sai gurnani. Yaya, babban ɗansa, ya taso da murya da kyan fuska, kuma duniya ba ta taɓa ƙin waɗannan biyun ba. A hankali hotonsa ya cinye fosta, sunansa ya cinye sunan ƙungiyar, Baba ya koma ƙuryar dandamali kusa da Dogo mai ganga. Auta kuwa muryarta ko jariri ba za ta lallasa ba, amma Allah Ya ba ta kunne. Saboda haka ita ke zama a can ƙarshen zaure gaban teburin haɗa sauti, inda kowane makaɗi yake da layinsa da maɓallinsa. Wanda ta tura sama jama'a su ji shi, wanda ta ja ƙasa ya ɓace ko da zai fasa kayan kiɗansa.

A da, kowa da sifikarsa a ƙasa gabansa, kowa yana ɗaga hannu yana cewa a ƙara shi, har dandamali ya zama kasuwa. Baba yana da ƙaton akwatin sifika a bayansa, akwatin da ya girmi Auta nesa ba kusa ba. Kuma yana da wata ɗabi'a: da ya hau dandamali sai ya cire takalmi ya ajiye a gefe, ya tsaya da tafin ƙafa a kan katako. Jama'a sun ɗauka salo ne. 'Ya'yansa sun ɗauka rigimar tsufa ce. Babu wanda ya taɓa tambayarsa dalili.

Da 'yan kunnen suka iso, kowa da nasa a ɗan gwangwani, sai aka kwashe sifikun ƙasa aka sayar, har da akwatin Baba. Yanzu kowa yana da ɗan rediyo a ƙugu, waya ta bi ta cikin riga ta hau wuya ta shiga kunne. Sunan da Baba ya raɗa musu ya bi su, har Yaya da kansa 'yan kunne yake cewa. Suna toshe kunne ruf. In ka sa su, ko tafi ba za ka ji ba sai abin da Auta ta aiko maka. Sannan akwai baƙon da ya shigo tare da su: wani ƙwas-ƙwas daga kwamfuta, mai ƙidaya bugu, wanda jama'a ba sa ji, amma kowane makaɗi dole ya bi shi, domin fitilu da ƙarin muryoyin amshi duk da shi suke tafiya.

Nan ne gizo ya yi saƙa. Baba bai taɓa bin kowa a kiɗa ba, shi ake bi. In waƙa ta zo wurin tausayi sai ya ja ta baya kaɗan, Dogo ya biyo shi, kowa ya biyo Dogo. Ƙwas-ƙwas kuwa bai san tausayi ba, bai san tsufa ba, bai san cewa yatsun Baba sun fara yin nauyi da safe ba. Yana gaba, Baba yana baya, Dogo a tsakiya yana zufa yana waige-waige.

Wata hantsi bayan gwaji, Auta tana naɗe wayoyi a ɗakin ajiyar kaya, Yaya ya shigo ya turo ƙofa.

"Kin ji Baba yau?"

"Na ji."

"Yana jan ƙafa, Auta. Ba yau ya fara ba, kin fi ni sani."

"To a cire ƙwas-ƙwas ɗin mana. Da ma shi ya same mu."

"A cire, sannan a cire fitilu, a cire amshi, mu koma kiɗan da muke yi shekara goma baya? Masu gayyatarmu abin da suka ji a waya suke son ji a zaure." Ya zauna a kan akwatin kaya ya sassauta murya. "Kin san tsohon ɗaukan da aka yi masa a situdiyo, lokacin hannunsa yana wuta? Mai fiyano ya daidaita shi da ƙwas-ƙwas, waƙa bayan waƙa. Yana cikin kwamfuta yanzu haka. Ki bar wa Baba jitarsa a kunnensa, ya ji kansa yadda yake so. Zaure kuma ki ba su na kwamfutar."

Auta ta tsaya da waya a hannu. "Yaya, ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"Ai ba wani za mu sa ba. Shi ne dai. Baba ne na da."

"In ya gane fa?"

"Ta yaya? Kunnensa a toshe yake, kuma abin da kika ba shi kawai yake ji." Ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa. "Ko kuma ki je ki same shi a gida, gaban Mama, ki ce masa ya zauna ya huta, an gama da shi. Ni ba zan iya ba. In ke za ki iya, bismillah."

Yaya ya iya wannan tun suna yara. Shi zai yanke hukunci, sannan ya miƙo maka wuƙar ya ce zaɓi naka ne. Kuma ya san da ɗan gari akan ci gari, domin ba tare da yatsan Auta ba dabararsa ba za ta wuce bakin ƙofar ɗakin nan ba. Ta ji haushinsa har cikin ranta. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne ta san ba ƙarya ya yi ba game da jan ƙafar. Ta ƙarasa naɗe wayar ta rataye, ba ta ce masa e ba, ba ta ce a'a ba, shi kuwa ya fita yana fito.

Wasan farko da suka yi da sabon tsarin, Baba ya cire takalmi, ya tura 'yan kunnensa, ya ɗaga mata babban yatsa sama.

"Ƙara ni, Auta," ya ce ta makirufon gwaji. "Ƙara kaɗan. Yawwa, ga ni nan."

Ta ƙara shi a kunnensa har ya yi murmushi. Sannan ta ja layinsa ƙasa daga zaure, ta tura na kwamfuta sama.

Wasa ya yi kyau, abin takaici ke nan. Ya yi kyau fiye da duk wanda suka yi a shekarar. Manyan sifikun jama'a da ke gindin dandamali suka riƙa gurnani daidai wa daida, Dogo ya daina waige, mutane suka tashi tsaye. Da aka tashi wani dattijo ya zo ya riƙe hannun Baba da hannu biyu yana cewa tsohon hannu ba ya tsatsa. Baba ya yi godiya, ya sunkuya ya ɗauki takalminsa.

A kan teburin Auta kowane layi yana da 'yar fitila kore da ke ƙiftawa duk lokacin da sauti ya shigo. Ta Baba ta yi ta ƙiftawa tun daga farkon wasan har ƙarshe, kowane bugu da ƙiftawarsa, a saman maɓallin da ke kwance a ƙasa. Duk inda Auta ta kai idonta sai ya dawo kan fitilar. Washegari kafin a fara gwaji ta yanko baƙin salatif ta liƙe ta. Akwai kuma wani maɓalli da in ta danna za ta ji layi ɗaya shi kaɗai a hedifon ɗinta. Takan danna na kowa kafin wasa, na ganga, na fiyano, na Yaya. Na Baba ta daina dannawa. Ta riga ta ajiye ma'aunin kunnensa a cikin na'ura, kuma ba ta son jin abin da take binnewa.

Haka aka yi ta tafiya wata da watanni. Gayyata ta ƙaru, Yaya ya sauya mota, aka ƙaro fitilu. Baba yana zuwa a kan lokaci, ya cire takalmi, ya sa 'yan kunne, ya rufe ido, yatsunsa suna hawa da sauka. Ya daina cewa a ƙara shi. In ta tambaye shi ko komai daidai, sai ya ce, "Daidai, Auta. Sai dai ki ƙara mini muryar ɗan'uwanki." Ta riƙa gode wa Allah da ya sa bai zama mai ƙorafi ba.

Mama ce kaɗai ta yi magana, wata rana Auta ta kai mata magani ta tarar da ita tana shanya.

"Ubanku lafiya yake kuwa a wurin aikin?"

"Lafiya ƙalau, Mama. Me kika gani?"

"Mutumin da ya hana ni sakat da dum-dum tun ina amarya, yanzu jitar in ya shigo da ita a jakarta take kwana. Ko tsirkiya ya daina saya."

"Gajiya ce. Wasanni sun yi yawa."

Mama ta matse riga ta dube ta. "To," ta ce. "Ku kuka sani."

Ana saura kwanaki babban wasan da za su yi a sabon zauren nan mai hawa biyu, Yaya ya kira ta cikin mota ya rufe gilashi. Ya ce ya samo wani matashi mai bas, gwani ne, ya saba da ƙwas-ƙwas tun yana koyo. Wata mai kamawa zai fara. Wannan wasan shi ne na ƙarshe ga Baba, kuma za a yi shi da mutunci: a kira shi gaba, a ba shi kyauta, a yi masa tafi.

"Shi ya sani?"

"Zai sani a wurin. Ya fi daɗi haka."

"Ya fi wa daɗi?"

Yaya ya tayar da mota.

Tun daga ranar abin ya hana Auta sukuni. Ashe za a sauke Baba ke nan ba tare da kowa ya sake jin hannunsa ba, kuma da yatsanta aka yi. Akwai wata waƙa da ya tsara tun yana saurayi, wadda bas ke buɗewa ita kaɗai, babu ganga, babu murya, sai gurnanin nan yana hawa a hankali har sauran su shigo. Da ita za a rufe wasan. A wannan buɗewar babu wanda zai ja wa baya, ko ya ja ƙafa babu mai ganewa. Ta yanke shawara a ranta ba ta gaya wa kowa ba: in an zo wurin, za ta kashe na kwamfuta ta buɗe layin Baba. Sau ɗaya tak, zaure ya ji mutumin da ke tsaye a gabansa. Yaya ya yi duk abin da zai yi daga baya.

Wasan na yamma ne, rana tana shigowa ta dogayen tagogin sama. Zaure ya cika har hawa na biyu. Mama tana layin gaba da sabon mayafi, domin Yaya ya aika mata mota. Auta ta yi aikinta tsaf, waƙa bayan waƙa.

Da aka zo ta ƙarshe, Yaya ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Wannan mutumin da kuke gani a ƙurya," ya ce, "shi ya koya mini komai. Ubana ne, kuma uban wannan ƙungiya. Baba, matso gaba su gan ka."

Aka yi tafi mai tsawo. Baba ya tako a hankali da tafin ƙafarsa har tsakiyar dandamali, farar fitila ta sauka a kansa. Wayoyi suka tashi sama ta ko'ina. Ya gyara igiyar jita a kafaɗa, ya rufe ido. A hedifon ɗinta Auta ta ji ƙwas-ƙwas ya fara ƙidaya shiga. Ta ce bismillah, ta ja na kwamfuta ƙasa, ta tura layin Baba sama har inda yake zama a da.

Yatsun Baba suka sauka a kan tsirkiya. Babu abin da ya fito.

Ta ƙara turawa har maɓallin ya kai ƙarshe. Shiru. Yatsunsa suna tafiya, kansa yana rausaya, kafaɗarsa tana bin bugu, zaure kuwa har ana jin ƙarar fanka. Ta kai farce ta ɓare baƙin salatif ɗin. Fitilar a mace take. Ta danna maɓallin da ta daɗe ba ta danna ba, ta matse hedifon a kunne, babu komai a layin sai ɗan huci na waya mai rai. Waya lafiya take, rediyo lafiya yake. Jitar ce ba ta aiko komai.

Baba bai yi nisa ba ya tsaya. Ta ga ya motsa yatsun ƙafarsa a kan katako, kamar mai laluben abin da ya faɗi. Ya buɗe ido. Bai dubi jama'a ba, bai dubi Yaya ba, ya miƙa idonsa har ƙarshen zaure inda take. Hannunsa na dama ya sauka kan ɗan abin murɗa ƙara da ke jikin jitar, ya tsaya a kai. Ta miƙe tsaye tana yi masa alama da hannu, murɗa, Baba, don Allah murɗa. Ya dube ta, ya dubi yatsunsa. Sai ya saki abin, ya sauke hannayensa biyu a gefensa.

Yaya ya riga ya ruga wurin makirufo na biyu da ke gefen ganga, wanda jama'a ba sa ji, sai 'yan kunnen makaɗa da hedifon ɗin Auta. A ruɗe yake, ya manta cewa Baba ma yana cikin masu jin wannan makirufon.

"Auta! Me kike yi? Mayar da na kwamfutar! Mayar da shi yanzu!"

Hannunta ya bi umarni kafin hankalinta ya dawo. Ta tura.

Gurnanin bas ya fashe a zauren daga tsakiyar jimla, mai ƙarfi, mai kyau, babu kuskure ko ɗaya. Tagogi suka ɗauki rawa. A tsakiyar farar fitila kuma ga tsoho a tsaye, hannayensa biyu a sake, jitarsa tana rataye babu mai taɓa ta.

Wani ya fara dariya a hawa na biyu. Dariyar ta sauko ƙasa, ta bazu, aka haɗa da fito da ihu. Baba ba ya jin ko ɗaya, 'yan kunnen sun yi aikinsu, amma yana ganin bakuna a buɗe da wayoyi a sama. Dogo ya shigo da ganga don ya rufa asiri, Yaya ya kama waƙa da murmushin dole. Baba ya cire jitar ya jingine ta a hankali, ya koma ƙurya ya sa takalminsa, ya sauka ta matakalar baya. Mama ta ja mayafi ta rufe fuska. Kyautar da aka naɗe masa a takarda mai ƙyalli tana nan a bayan fiyano har aka kwashe kaya.

A ɗakin ajiya Yaya ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe. Ya ce ta kashe su, ya ce bidiyon ya riga ya zaga gari, ya ce garin gyaran gira ta tsone wa kowa ido. Auta ta san a karo na biyu ba ƙarya ya yi ba. Da ya gaji, sai ya ce in ta je gida ta karɓo 'yan kunnen Baba, sabon mai bas zai yi amfani da su kafin nasa su iso.

"Ba za su shiga kunnen kowa ba," ta ce. "Da siffar nasa aka zuba su."

Washegari da safe ta tarar da Baba a barandar gida, zaune a kujerarsa ta roba, ɗan gwangwanin 'yan kunnen a cinyarsa. Mama ta amsa gaisuwarta a taƙaice ta shige ciki. Auta ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa kamar kullum, har da tambayar ko ta karya. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ta kwana tana shirya magana, amma abin da ya fito daban.

"Baba, me ya sa ka kashe jitar?"

"Ke me ya sa kika kunna?"

"Na so a ji ka."

"Jiya kika so."

Ta sunkuyar da kai. "Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar farko." Ya faɗa ba tare da zafi ba, kamar mai ba da labarin wani. "Muna cikin wasa yatsana ya zame, na taɓa inda bai kamata ba. Kunnena ya ji kuskuren sarai. Katakon da nake tsaye a kai kuwa ya ba ni daidai. Na ce ko ruɗewa na yi. Na sake yi da gangan, katako ya sake ba ni daidai. Kin ɗauka don ado nake cire takalmi? Bas ta ƙafa take shiga mutum, Auta. Na ce to, akwai wani a ƙarƙashin dandamalin nan da ya fi ni iyawa. Na saurare shi da kyau, sai na gane shi. Ni ne ina yaro, lokacin ko ke ba a haifa ba."

"Da ka yi magana, Baba."

"Ai na yi. A wasa na gaba na murɗe ƙarar jitar gaba ɗaya. Na ce 'yata mai kunne ce, sauro ya wuce ta gaban makirufo sai ta ji shi. Kafin a gama waƙa ɗaya za ta ga layina ya mutu, ta rugo ta ce, Baba, wayarka ta tsinke. Ni kuma in ce mata, zauna, 'yar nan, mu yi magana. Aka gama wasan ba ki zo ba. Na ce wataƙila aiki ya yi mata yawa, bari mu ga na gaba." Ya ɗan yi murmushi. "Na gaba ɗin ne har jiya."

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Kunya ta rufe ta, irin wadda kuka ma ba ya wankewa.

"Ɗan'uwanki bai ba ni mamaki ba," Baba ya ci gaba. "Tun yana goye kukan kansa kawai yake ji. Ke na jira."

"Amma jiya na buɗe maka. Na ga hannunka a kai. Da ka murɗa kawai..."

Ya miƙo mata hannun hagu, ya buɗe. Kantar da ta san yatsun nan da ita tun tana ƙarama, mai tauri wadda ko allura ba ta huda ta, ta tafi. Fatar ta yi laushi, ta yi sumul.

"Wata nawa ina shafa tsirkiya kamar mai lallashin kyanwa? Da na murɗa, abin da za su ji ya fi shirun muni. Gara su yi dariyar abin da ba su ji ba."

"Baba, ka bari in gaya maka yadda aka yi. Akwai wata 'yar fitila a kan layinka, ni na liƙe ta da salatif. Wallahi ba don ban damu ba ne. Don ba na iya kallonta ne, duk lokacin da ta ƙifta sai in ji..."

Ya buɗe gwangwanin. Ya ciro na dama ya duba alamar, ya ciro na hagu, ya warware wayar a tsanake.

"Ɗan'uwanki ya yi gaskiya a abu ɗaya," ya ce. "Kowa ya ji abin da yake so."

Ya tura na dama ya murɗa shi ya zauna daram, ya tura na hagu. Bakin wayar yana lilo a ƙirjinsa, ba a jona shi da komai ba. Auta ta ci gaba da magana, ta ce ta yi kuskure, ta ce ya yafe mata, ta ɗaga murya har Mama ta leƙo ta taga. Ta matso ta dafa simintin da ke gabansa da hannu biyu.

Baba ya jawo ɗan benci da ke gefe, ya ɗage ƙafafunsa daga ƙasa ya ɗora a kai, ya rufe ido.